Waƙar da Aka Jingina wa Malam

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Daga mahaifinka, Alhaji mai kago, wato jigilar kaya, na Al Warsan a Dubai, wanda kwantenarsa ba ta kwana a tasha, wanda in ya yi gyaran murya leburori ke miƙewa tsaye, zuwa ga ɗana Abba. Assalamu alaikum wa rahamatullah. Ina gaida mahaifiyarka da ƙannenka da duk wanda ke cin tuwo a gidan nan. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, kuma ta same ka a zaune, don abin da ke cikinta ba na karantawa a tsaye ba ne.

Bizarka ta fito, saura kwana goma ka hau jirgi. Shekara huɗu ka yi a jami'a kana karatun Faransanci, 'yan unguwa suna tambayarka ko Maraɗi za ka koma sayar da taliya. To ga shi yau Faransancin zai kawo ka Dubai, ka juya wa Malam Andire waƙoƙin Hausa zuwa harshensa, ya sa a littafi. Labarin gari ba zan ba ka ba, in ka zo ka gani da idonka. Kurakuraina zan faɗa maka, a kan mutumin nan da za ka yi wa aiki, don kada ka taka inda na taka.

Bari ka fara sanin ko waye shi. Dogo ne siriri, ya haura sittin, gashinsa fari fat. A wani gari na bakin teku aka haife shi a Faransa, ubansa mai gidan burodi. Uban ya so ya gaje shi a bakin tanda, shi kuwa ya ce sai kiɗa. Suka yi faɗa, ya ɗauki sarewarsa ta Turawa ya bar gida yana saurayi. Ya zauna Dakar, ya zauna Yamai da Damagaram, can ya tsinci Hausarsa, ya zauna Alƙahira, daga nan ya faɗo Dubai. Da yamma yana kaɗa fiyano a wani otal, mutane na cin abinci ba mai kallonsa. Da safe yana rubutu a wani tsohon sito a Al Quoz da ya mayar ɗakin kiɗa. Littafi biyu ya fitar. Na ukun, wanda za ka yi aiki a kansa, na waƙoƙin da baƙi ke shigowa da su ƙasar nan ne a bakinsu, 'yan Pakistan da Habashawa da mu. Har yau ban gane ba ko mai arziki ne ko talaka. Fiyanonsa ya fi motar da yake hawa tsada, amma riga uku gare shi. Ban kuma gane abin da ya zaunar da shi a garin da kowa ya zo neman kuɗi ba. Na tambaye shi, ya ce nan ne kaɗai garin da ba wanda ke tambayarsa yaushe zai koma gida, tunda kowa ba gida yake ba. Na ce to.

Mun san shi ne ranar da ya zo sitonmu yana neman a kawo masa kalangu daga Kano. Ya yi sallama da Hausa, leburori suka saki kwali suna kallonsa. Da kalangun ya iso sai ya gayyace ni wani ɗan taron kiɗa da ya shirya a Al Quoz.

Nan na yi kuskurena na farko. Na ci babbar riga na tafi. Na tarar mutane a kan kujeru tsit, kamar zaman ta'aziyya. Ya fara busa, wallahi busa mai shiga jiki, amma ba mai guɗa, ba mai cewa sannu, ba wanda ya ko motsa. Raina ya ɓaci. Na ce dattijo guda yana ta fama, an rasa mai mutunta shi? Na tashi na ratsa kujeru, na zaro takardar dirhami na manna masa a goshi. Da yake sanyin esi ya hana shi gumi, kuɗin ya ƙi zama, ya faɗo ƙasa. Na duƙa na ɗauka na sake mannawa, na danna da babban yatsa. Shi kuwa idonsa a rufe, bai fasa busa ba. Sai da wata Baturiya ta jawo mini riga ta baya na koma na zauna.

Saboda haka, ɗana, in ka shiga wuri ka ga kowa ya yi shiru, kai ma ka yi shiru har ka gane shirun na mene ne. Sai dai kuma bayan an tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Rabona da a yi mini liƙi tun Damagaram. Bana ba abin da ya yi mini daɗi kamar wannan." To ka gani. Ko wannan ma ban tabbata kuskure ba ne. Ka dai yi shirun, ya fi sauƙi.

Kuskurena na biyu shi ne da ya ce yana neman direba, na ba shi baffanka Nafi'u. Ka san shi, autan Malam kakanka, wanda ka girma da wata bakwai amma dole ka kira shi baffa, abin da ke maƙale maka a wuya tun kuna yara. Yaro ne mai kyan gani, mai hankali, ga iya tuƙi, duk unguwar International City ba mai fara'arsa. Aibinsa ɗaya, in ya ga mutum ya buɗe baki yana sauraro, sai ya zuba masa wani abu a ciki. Ka tuna shi ya ce wa kakarka Inna Hajjo an fara sayar da hasken rana a kwalba a Sabon Gari, har ta ba da aike. Na san halinsa sarai, na kuma haɗa shi da mutumin da sana'arsa ke nan, ya saurara ya rubuta. Ɗana, in za ka haɗa mutum biyu aiki, kada ka tsaya kan ko za su shirya. Waɗannan sun shirya fiye da kima, shi ya kawo abin da ya kawo.

Yanzu sai ka gyara zama.

Ka tuna talotalon gidan maƙwabta? Kuna shekara tara. Ya biyo ka tun daga soro har bakin rijiya, kana ihu, ka watsar da takalma, ka faɗa bayan Inna Hajjo ka ƙanƙame ta. A ranar baffanka ya haɗa maka waƙa:

Mai jan wuya ya taso,
Na Hajjo ina takalminka?
Ɗaya na bakin rijiya,
Ɗaya na hannun Inna.

Wata guda yaran layi suna rera ta in ka fito. Da ta kai kunnen Malam, kakanka, Allah ya jiƙansa, ya kira Nafi'u gaban 'yan makaranta ya zane shi, ya ce in ya ƙara jin waƙar a gidansa sai ya bar gidan.

To wata safiya baffan naka yana wanke mota a ƙofar siton Al Quoz, waƙar ta zo masa baki, yana yi yana murza taya. Bai ankara ba sai ga Malam Andire a kansa da rikoda a hannu.

"Sake, Nafi'u, sake. Wannan waƙar wa ce?"

Da ya ce tawa ce, ta tsokana, da an yi dariya an wuce. Amma ya ga yadda idon Baturen ya yi girma, sai ya goge hannu a wando ya ce, "Ai wannan tsohuwar waƙa ce, ta mafarauta. Wurin mahaifina na ji ta."

"Mahaifinka maharbi ne?"

"Babba ma kuwa."

"Mai jan wuya fa?"

"Ɓauna ce, wadda aka harba ba ta faɗi ba, jini na zuba a wuyanta."

"Takalmin?"

"Maharbi ba ya tunkarar ɓauna da takalmi. Yakan bar ɗaya a bakin rijiyar gari, ɗaya wurin uwarsa. In bai dawo ba, da su za a san ya tafi."

Malam Andire ya zauna a kan bokitin wanki, ya dafe kai ya ce da irin mamakin Faransawa, "Walla, walla! Shekara nawa ina neman irin wannan." Shi kuwa baffanka cikinsa har ciwo yake don riƙe dariya. Niyyarsa gobe ya faɗa masa gaskiya su yi dariyar tare.

Gobe ta zo, Baturen ya fito da littafin rubutu da tambaya ashirin. Wane daji? Da baka ko da bindiga? Wa ke amshi? Nafi'u ya ga ai yau ba ranar rushewa ba ce, ya ƙara gini. Ya ba Malam baka da kwari, ya ba shi karnuka, ya ba shi tabo a cinya. Malam fa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin allo da ɗinkin hula, wanda tafiyarsa mafi nisa ita ce masallacin Juma'a. Ɗana, ga nasiha: wasa yana da lokacin da ake cewa wasa nake. Lokacin gajere ne, bai kai a sha shayi a tashi ba. In ka bari ya wuce, ka shiga wani abu dabam, ko da kuwa fuskarka na murmushi.

Sai korona ta zo, aka rufe otal-otal. Malam Andire ba aiki, ba inda za a kai shi a mota, amma bai sallami Nafi'u ba, albashinsa bai taɓa tsayawa ba. Ya zauna a sito wata da watanni yana rubutu. Ya ɗauki waƙar nan ya sassauta ta, ya ɗora ta a kan fiyano da sarewa, ta koma wani abu mai sanyi kamar ana rakiyar gawa. Da aka buɗe gari ya sake shirya taro, ya tsaya ya ba da labarin maharbin Kano da takalmansa, sannan ya kaɗa. Abba, mutane sun yi kuka. Wata mata a gaba sai da aka miƙa mata ruwa. A kan talotalo. Abin da ya fi ɗaure mini kai, shi kansa baffan naka da ya san komai sai da idonsa ya kawo ruwa. Na rasa gane wannan. Waƙar ƙarya ce, hawayen kuwa ba na ƙarya ba ne. Kai da ka yi jami'a, in ka zo ka warware mini.

A taron akwai Bitrus, mutumin Kafanchan mai gyaran esi, wanda suke fulat ɗaya da Nafi'u. Da safe suna shan shayi kafin bas ta zo, Bitrus ya dube shi ya ce, "Habibi, wace irin ɓauna ce mai jan wuya?"

"Ta dajinmu ce, ku ba ku da ita."

"Muna da ita mana. Kiwonta muke a bayan gida, mu yanka da Kirsimeti."

Nafi'u ya ƙware da shayi. Bitrus bai yi dariya ba. Ya ce, "Tsohon nan ya ciyar da kai lokacin da kamfaninmu ya kore mu kamar awaki. Yalla, je ka gaya masa. Yau."

Ya tafi da niyya, wallahi ya tafi da niyya. Ya tarar da Malam Andire da takardu a gabansa. Kafin ya buɗe baki, Baturen ya nuna masa wani shafi ya ce, "Duba." Nafi'u ba ya jin Faransanci, amma ya gane sunan Malam, cikakke, har da unguwa, an rubuta shi da manyan baƙaƙe. Malam Andire ya ce babin nan shi ne zuciyar littafin, masu ɗab'i a Faris shi suka fi so. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Ka san ubana ya mutu ina Yamai? An aiko mini, ban je ba. Ba abin da na riƙe na bakinsa sai faɗan da muka yi. Kai kuwa naka ya bar maka waƙa. Ka fi ni arziki, Nafi'u."

Me baffanka ya ce? Ya ce, "Haka ne." Ya tambaya ko a sayo masa burodi.

A ranar ce kuma Baturen ya ce Hausarsa ta Damagaram ta tsufa, yana bukatar wanda ya ƙware a harsunan biyu ya duba masa kowane baiti. Nafi'u, don son a san gidansu akwai mai ilimi, ya bugi ƙirji ya ce, "Akwai ɗana a Kano." Sai da ya shiga mota ya tayar da ita sannan ya tuna waye Na Hajjo.

Kuskurena na uku, wanda ya fi duka, shi ne na san wannan magana tun daga tushe na yi shiru. Kullum ina cewa sai ranar da ya dace. Ban san yadda ranar take ba, ban taɓa ganinta ba.

Yanzu ga inda kaina ya kulle. Na ɗauko alƙalami don in ce maka ka faɗi gaskiya a duk inda kake. To amma in aka faɗa, babin ya rushe. In babin ya rushe, wataƙila littafin ya tsaya, wataƙila ya ce shi da waƙar Hausa har abada, kuma bizarka a hannunsa take. Shekara uku kana zaune a gida ba aiki, mahaifiyarka har ta raba goro. Ga shi tsoho, ga abin da ya faɗa a kan ubansa. Sai in ce to a bar shi, wa zai sani? Mafarauta ba sa karanta Faransanci. Amma littafi ba kwantena ba ne da za a buga waya a ce a dawo da ita. Zai shiga garuruwan da ba mu san sunansu ba, yana cewa Malam ya rera abin da ya yi duka a kansa. Ƙarya a kan mamaci, wanda ba shi da bakin cewa ban yi ba. Kuma sunan nan shi kake ɗauke da shi, shi ya sa duk gidan muke ce maka Abba. Kai za a ba shafin, ka zauna ka juya shi da hannunka, ka sa hannu a ƙasa cewa daidai ne. Ban san yadda zan ce ka yi haka ba. Ban kuma san yadda zan ce ka sauka daga jirgi ka fasa tukunyar da za ka ci abinci a ciki ba. Na juya ta nan, na juya ta can. Na tambayi wani malami ɗan Sudan a masallacinmu, ban ambaci suna ba, ya ce shuwayya shuwayya, wato a hankali, in sake faɗa masa daga farko, wai bai gane inda talotalo ya shigo ba.

Sauran nasihohi gajeru ne. Ka taho da rigar sanyi, ba don gari ba, don esi. In Malam Andire ya yi shiru yana kallon bango, aiki yake, kada ka ce masa lafiya. In ya ba ka wani cuku mai wari, ka karɓa da hannu biyu ka ce ka ƙoshi. Kada ka bar salla don kunyar kowa, shi da kansa yake tsayar da rikoda in an kira. In ya tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ban sani ba. Kalma uku ce, ba ta da nauyi, amma na ga wanda ya kasa ɗaga ta.

To, Abba. Na san tun shafi na biyu ka fara ɗaga gira. Alhaji, da kunyar ɗan fari ba ta barinsa ya haɗa ido da kai, wanda duk maganarsa gare ka ba ta wuce "an yi salla?", shi zai zauna ya cika maka takarda shida? Alhaji yana Umara. Bai san da wasiƙar nan ba, bai san da waƙar ba, Malam Andire ma sau ɗaya ya taɓa ganinsa. Ambulan da hatimin daga teburinsa na ɗauka. Ni ne, Nafi'u. Mai liƙin ma ni ne, da babbar rigar Alhaji da na ara bai sani ba. Ba wanda ya ba da ni direba, ni na kai kaina. Duk inda ka ga an yabi baffanka, ka bar shi yadda yake. Duk inda aka ce ya yi ƙarya, ka karanta "na yi".

Na ari sunansa ne don na san in ka ga nawa a bayan ambulan za ka ce wata tsiyar ce, ka ba yara su yi jirgi da ita. Kuma abin ya fi mini sauƙin faɗa da bakin wani. Ka yi haƙuri da rubutun, bokon a jikin kwalayen kago na koye shi.

Da na zo nan a rubutu sai na ga abin da ya kamata in gani tuntuni. Ina ta auna abin da za ka yi, alhali ba kai ka ɗaura ba. Ranar Laraba zan kai shi Al Quoz da safe. Ba zan kashe mota ba sai na faɗa masa, tun daga soro har bakin rijiya, har bulalar Malam. Bitrus ya ce zai zauna a kujerar baya, in na fara maganar burodi ya mangare ni. Abin da zai biyo baya ban sani ba. Zai iya yin dariya, zai iya karɓar makullinsa, zai iya soke mu duka biyu. In ya soke, ni na jawo maka, kuma ni zan tsaya gaban Alhaji da mahaifiyarka in faɗa da bakina. Saboda haka kada ka sayar da babur ɗinka tukuna. Ka jira wayata ranar Laraba bayan azahar.

Ka je kabarin Malam kafin nan, ka yi masa addu'a, ka ce autansa na neman gafara. Kai ma ka yafe mini, na da da na yanzu.

Allah ya tsare ka a gida, ya tsare ka a hanya in hanyar ta tabbata. Allah ya sa abincinka na nan, in kuwa ba ya nan ya buɗa maka inda ya fi. Allah ya sanyaya zuciyar tsohon nan kafin in isa gare shi, ya kuma shiryar da shi da mu baki ɗaya. Amin.

Wassalam. Ubanka, ko ka so ko ka ƙi,

Nafi'u.